Kuɗin cefane: lissafin da muke gudu a gidajenmu



A wannan shafi mun saba ɗaga murya a kan manya. Tun da aka buɗe matatar SORAZ a 2011, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, ba mu daina tambaya ba: nawa ke shigowa, wa ke ƙirgawa, me ya iso Damagaram? Haka muke yi a kan kuɗin yuraniyom, haka muke yi a kan harajin kasuwa da na tasha. Kullum maganarmu ɗaya ce, dukiyar da ta shafi kowa a yi lissafinta a gaban kowa. Kuma muna da gaskiya.

To yau zan juyo da tambayar cikin gida, kowa ya amsa tsakaninsa da Allah. A cikinmu wa ya san abin da mahaifinsa ke samu a wata? Masu aure, wa ya taɓa faɗa wa matarsa albashinsa ba ragi? Wa ya san nawa uwarsa ke ƙarawa a kan kuɗin cefane kafin tukunya ta sauka? Mu da muke zama a fada muna shan shayi muna zagin masu ɓoye kasafin ƙasa, mafi yawanmu mun fito daga gidajen da kasafinsu ya fi na gwamnati ɓoyuwa. Kuma idan lissafi ya ɓoyu, a ƙasa ne ko a gida, mai ƙaramin ƙarfi ne ke biyan giɓin.

Zan fara da gidanmu, don kada a ce na zo fallasa wasu.

Ni ɗan Mirriya ne. Baba mai lambu ne, yana noma salati da shu da tumatir, ranar Lahadi ya kai kasuwa, wani lokaci ya ɗora a mota zuwa Zinder. Da damina yana noma hatsi da wake. Kowace safiya yakan auno hatsi, ya ajiye dala ɗari a kan tabarma, ya fita. Tun ina lakwal ƴar ƙarama dala ɗarin nan ce, har na girma dala ɗarin nan ce. Kuma yana da wata magana da yake alfahari da ita a gaban abokansa: a gidansa ba a taɓa kwana da yunwa ba. Gaskiya ya faɗa, ba a taɓa ba.

Inna tana matse man gyaɗa, tana ƙuli-ƙuli, tana da awaki biyu zuwa uku a bayan ɗaki. Mu duk mun ɗauka wannan sana'arta ce ta rage zaman banza. Sai shekarar da aka kwantar da ita asibiti aka yi mata aiki, ta yi wata biyu ba ta iya ɗaga ko tulu. Girki ya koma hannun yayata. Kwana uku kacal aka yi, miya ta zama ruwa. Baba ya ɗanɗana ya ture akushi.

"Ke, ina kika kai kuɗin da na bari?"

"Baba, ai a niƙa da ice da ruwa suka ƙare. Ko mai ban saya ba."

"Uwarki da su take yi shekara da shekaru."

"Ba da su take yi ba, Baba. Ƙarawa take."

Ya yi shiru. Da dare ya shiga ɗakin Inna, ina jin su ta taga. Ya ce da ita, ashe abin nan ba ya isa? Ta ce: "Malam, rabonsa da isa tun kafin a yaye wannan yaron." Ni ne yaron, kuma lokacin ina da shekara goma sha biyar.

Mahaifina ba azzalumi ba ne, Allah ya sani. Bai sani ba ne, kuma bai taɓa tambaya ba, ita ma ba ta taɓa faɗa ba, don a ganinta faɗar tonon asirin miji ne. A daren nan ita ma ta ji abin da ba ta sani ba: akwai bashin taki a kansa da yake biya duk girbi, kuma shi ke ciyar da Gwaggo da marayunta huɗu tun rasuwar mijinta. Inna ta jima tana zargin yana tara kuɗin ƙarin aure ne. Mutum biyu a ɗaki guda shekara ashirin da ƴan kai, kowa na ɗauke da kaya, kowa na ganin ɗayan bai damu ba. Wannan shi ne abin da nake yaƙi da shi.

Ba haka abin ya faro ba. Tambayi tsofaffi yadda gandu yake. Gonar gandu ta gida ce, kowa na aiki a cikinta, kuma an san abin da rumbunta ke ɗauka: abincin gida, lanho, auren fari na samari, baƙo in ya sauka. Ban da ita akwai gayauna, wadda wasu ke ce wa gamana, ƴar gonar da mace ko saurayi ke nomawa a ranakun da aka ware masa, abin da ya samu nasa ne. Dokar a fili take. Mafi muhimmanci, rumbu abu ne da ido ke gani. Ranar da aka kawo dammuna kowa ya ƙirga, yaro ma ya san ko bana za a kai ga damina ko ba za a kai ba.

Sai gonaki suka yi ta rabuwa da gado har suka zama ƴan falle-falle, gandu ya watse, dukiya ta bar rumbu ta shiga aljihu, daga aljihu ta shiga waya. Yanzu ba wanda ke ganin dammuna. Ikon maigida ya tsaya yadda yake, amma ƙirgan da ke tare da ikon ya ɓace.

Ba na cewa zamanin gandu aljanna ne. A yunwar 2005 jaridun waje sun yi ta ba da labarin ƙauyukan Nijar da maza suka tafi ci-rani suka bar rumbu a kulle, mata da yara na cin ganye. Waɗanda suka san karkara sun yi bayani cewa ana kulle rumbun ne don a samu abin ci lokacin noma, kada ya ƙare tun bazara. Na yarda da wannan hujja. Amma wa aka shawarta kafin a kulle? Wadda za ta ciyar da yara har wata biyar daga ƴar gayaunarta da awakinta, an zauna da ita an ƙirga ko za ta iya? Wani masanin tattalin arziki, Christopher Udry, ya yi nazari a maƙwabciyarmu Burkina Faso, ya buga a 1996. Ya gano cewa a gida ɗaya, shuka iri ɗaya, shekara ɗaya, gonar mace na ba da amfani ƙasa da ta namiji da kusan kashi 30 cikin 100, saboda taki da hannun aiki na tafiya gonar maigida. Ya kuma nuna cewa da an raba takin da aikin yadda ya kamata, da gidan baki ɗaya ya fi samu. Kenan rashin zama a yi shawara asara ce ga kowa, har da maigidan.

Yanzu bari mu zo inda ake yawan fakewa, wato addini. Da ka taɓo maganar nan sai wani ya ce kana son ka kawo mana tsarin Turawa. To mu je makarantar allo da zaure, mu tambayi malaman da suka karantar da mu Risala. Ciyarwa, tufatarwa da wurin kwana, a wuyan wa suke? A wuyan miji, gwargwadon halinsa, ko da matar ta fi shi dukiya. Dukiyar mace ta wa ce? Tata ce, sadakinta, gadonta, ribar sana'arta, ba shi da ikon taɓa ko dala sai da yardarta. Malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa mijin da ke da hali ya ƙi ciyarwa, abin ya zama bashi a kansa. Kuma kowa ya san labarin Hindu ƴar Utba da ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan wajen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa yana da maƙo, aka ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da ƴaƴanta bisa al'ada. Ba a ce mata ta tona asirin gida ba. An saurare ta, an yi hukunci.

To in haka ne, duk dalar da Inna ta ƙara a tukunya ɗayan biyu ce: ko kyauta ko rance. Kyauta ana yi mata godiya, rance ana biyan sa. Mu a nan mun ƙirƙiro ta uku, wadda ba godiya ba biya, don ba a ma yarda an karɓa ba. Namiji ya riƙe ayar shugabanci da hannu biyu, ya saki ta ciyarwa ta faɗi ƙasa, matarsa ta ɗauka a ɓoye, shi kuma ya fita majalisa a ce masa mai riƙon gida. Wallahi wannan cin amana ne ko da ba da gangan ba.

A gidan da ke da mata biyu ko uku abin ya fi muni. Kuɗin cefane ɗaya ake ba mai girki, kuma ba wadda ke son a ce miyar kishiyarta ta fi tata. Sai kowace ta ƙara daga adashenta, wannan ta sa nama, waccan ta sa kifi, maigida na cin daɗi yana cewa Allah ya sa wa kuɗinsa albarka. Kishi ya zama tallafi gare shi. Wadda ba ta da sana'a kuwa, ranar girkinta ranar kunya ce, sai ta ci bashi a butik ko ta ɗora wa ƴarta tire.

Ranar da aure ya mutu kuma fa? Har yau Nijar ba ta da dokar iyali guda da ta haɗa kowa. An gwada a farkon shekarun 1990, an sake gwadawa a 2011, duka ba su yi ba. Ana komawa ga al'ada ne, a gaban mai unguwa ko alƙali ko malamai. Matar da ta sayar da akuya shida cikin shekara goma don magani da kuɗin lakwal za ta fita da kwanukanta da katifarta. Wa ya rubuta awakin? Wa zai shaida? A kan takarda, ba ta taɓa ciyar da kowa ba.

Daga uwa, giɓin na gangarawa kan ƴa mace. Ku tsaya a tashar Mirriya ko bakin kasuwar Dole da safe ku ƙirga ƴan matan da ke ɗauke da tire a lokacin da ƴan uwansu ke cikin aji. Muna kiran sa talla, muna cewa tana tara na kayan ɗaki. Wani kaso na kayan ɗakin ne, amma wani kaso shi ne man miyar yau. Yarinya ƴar shekara goma tana cike giɓin da ubanta bai san da shi ba. A ƙasar da kusan ƴan mata uku cikin huɗu ke aure kafin shekara 18, kada mu yi mamaki. Wadda aka cire daga aji don tire, me ya rage a yi mata in ba aure ba?

Kuma giɓin na iya kai mutum nesa. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a hamada bayan Arlit, kan hanyar Aljeriya, mota ta lalace musu ƙishirwa ta kashe su. Cikinsu 52 yara ne, 33 mata, 7 kawai maza. Mafi yawansu daga yankin Kance suke, nan kusa da mu. Dalilan wannan tafiya suna da yawa, akwai ƙarancin gona, akwai fari, akwai masu safarar mutane da ke cin riba. Amma a duba alƙaluman nan da kyau. Mata ne suka ɗauki yara suka shiga hamada neman abin sakawa a baki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana a wuyan wa ciyarwa ta koma a aikace, komai abin da muke faɗa a wa'azi.

Yanzu mu, samarin birni, kada mu ce maganar tsofaffi ce. Namu ɓoyon ya fi nasu wayo.

Akwai ɗan ci-rani da ke Kano ko Legas ko Libiya, yana ɗaukar kaya, yana tura ruwa, yana kwana a shago, ƙarshen wata ya je Nita ko Al Izza ko Amana ya aiko. Ya ce a sayi buhu biyu a ajiye. Wa ke gaya masa abin da aka yi da kuɗin? Wani ya dawo bayan shekara biyu ya tarar rumbu wayam, an yi suna, an yi buki, wani ma an ƙara aure da guminsa. In ya tambaya a ce ba shi da kunya, yana tuhumar ubansa. Tun tsakiyar 2023 naira ta faɗi warwas, abin da ɗan Kano ke aikowa in an canza shi zuwa sefa ya ragu sosai. Ga takunkumin CEDEAO daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, iyaka a rufe, kaya suka yi tsada. Gida na cewa yaron ya canza, ya rage aike. Yaron na can yana aiki fiye da da. Ba wanda ya yi wa ɗayan bayani.

Akwai kuma mai albashi, malamin kwantaragi, ma'aikacin ofis, mai kabu-kabu da ke kai balas duk yamma. Mafi ƙarancin albashi a doka ya tsaya a sefa 30,047 fiye da shekara goma kafin a ɗaga shi zuwa 42,000. Ku ɗauki jika 42 ku cire haya, kuran, ruwa, ku ga abin da ya rage. Amma a ƙauye an ce yaro ya samu aikin gwamnati, don haka kowa da takardar maganinsa. Me muke yi? Muna ɓoye albashin, muna kashe waya ƙarshen wata, muna ƙaryar ba a biya ba. Na yi, ba zan ɓoye ba. Mun zaɓi ƙarya a kan lissafi, sakamakon kuma mai baki ne ke samu. Kawun da ya iya kira sau goma ya karɓa, ƙanwar da ke jin kunyar roƙo ta bar lakwal don jika uku.

Kuma yawancinmu da muka yi aure, dala ɗarin Baba muka maimaita, sai dai mun mayar da ita jika. Kiredin da muke sakawa a waya a mako, da shayi da siga na fada, da man babur na yawo, wani lokaci sun fi abin da muke ajiyewa na cefane. Kowa ya duba saƙonnin wayarsa ya ƙirga, ba sai na rantse ba.

Mata, ku ma ba zan tsallake ku ba. Akwai mai adashe uku da mijinta bai san ko ɗaya ba. Akwai wadda za ta ce babu na sabulu, ranar buki ta fito da anko na jika goma sha biyar. Akwai mai rage hatsin gida ta sayar don gudummawar bukin ƙawa. Wannan ma ɓoyo ne, kuma yara ne ke biya. Sai dai na san amsar da za ku ba ni, kuma tana da nauyi: in ya san ina da shi, zai rage nasa, in na zuba duka a gidansa, ranar da ya sake ni da me zan fita? Gudummawar buki ma ai ajiya ce, ranar naki za a mayar miki. Mace na ɓoyewa don tsoro, namiji na ɓoyewa don girma. Wanda ke da ikon saki shi ya kamata ya fara buɗe nasa.

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa.

Za a ce sutura ce, asirin gida ba a tona shi. Wa ya ce a kai lissafin kasuwa? A ɗaki nake cewa a yi, tsakanin waɗanda ke ci a tukunya ɗaya. Asirin da matarka ba ta sani ba, amma mai butik ya sani don shi ke ba ta bashi, wane irin asiri ne wannan?

Za a ce talauci ne matsalar, babu abin ƙirgawa. Talauci gaskiya ne, kuma ba za mu daina tuhumar waɗanda suka jefa mu cikinsa ba. Amma mai kaɗan shi ya fi buƙatar ƙirga. Alhajin da ke da tireloli in jika biyar ta ɓace ba zai ji ba. Gidan da jika biyar ke raba shi da yunwa, dole a san inda kowace dala ta nufa.

Za a ce in mace ta san abin da kake samu za ta raina ka, ko ta yi ta buƙata. Inna ta fi ganin girman Baba a daren da ta san yana riƙe da marayu huɗu. Zargi ne ke kawo raini. Wadda ba ta san iyakar aljihunka ba ita ce ke tambayar abin da ya fi ƙarfinka.

Za a ce matan karkara ba su yi boko ba, ina su ina lissafi? Wannan ce ta fi ba ni dariya. A 1991 a jihar Maraɗi ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan ƙauye a kan tsarin asusu da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Mata su taru duk mako, kowace ta zuba, a ƙirga da ƙarfi a gaban kowa, a ba da rance, a karɓi riba, ƙarshen zango a raba. Yawancinsu ba su taɓa riƙe alƙalami ba, da ka suke riƙe lissafin. Tsarin nan daga ƙasarmu ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Duniya ta zo ta koyi ƙirga a fili wajen iyayenmu mata, mu kuma muna cewa ba za su gane albashinmu ba.

Ko tallafin gwamnati ya nuna mana inda matsalar take. Shirin nan na tallafa wa gidaje marasa ƙarfi da Bankin Duniya ya sa wa kuɗi ya riƙa ba da sefa 10,000 a wata har wata 24, kuma galibi a hannun mace ake danƙawa. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, ƙarƙashin Olivier de Sardan, da suka bi diddigin irin waɗannan rabon kuɗi a ƙauyuka, sun tarar cewa sau da yawa matar na komawa gida ta miƙa wa maigida. Wani ya sayo hatsi da su, wani ya yi abin da ya ga dama. Mai ba da tallafi na iya zaɓar hannun da zai saka wa kuɗi, amma ba zai bi su cikin ɗaki ba. Wannan aikin namu ne.

Ga abin da nake kira gare shi, kuma ba ya buƙatar doka ko taron bita a otal.

1. Sau ɗaya a wata, ko bayan kowane girbi, masu ciyar da gida su zauna. A faɗi abin da ya shigo, a faɗi bashin da ke kai, a faɗi waɗanda ake ɗauke da su a waje.

2. Maigida ya je kasuwa da kansa ko sau ɗaya a wata, ya tambayi kuɗin tiya, mai, ice da niƙa. Kuɗin cefane ya bi farashi, kuma ya bi yawan bakunan da ke ci.

3. Abin da mace ta ƙara a kira shi da sunansa. In kyauta ce a gode, in rance ne a rubuta a kaye ko a sa shaida. Ban ce a haɗe dukiyarta da ta miji ba. Tata tata ce.

4. Kada a cike giɓin cefane da tiren yarinya a lokacin aji. In dole sai an rage wani abu, a fara da shayi, kiredi da anko.

5. Mai aikowa daga nesa yana da haƙƙin a gaya masa abin da aka yi da kuɗinsa. Mai albashi kuma ya daina ƙarya, ya faɗi abin da yake samu, ya yanke abin da zai iya bayarwa duk wata, a zauna a tsara wa ya fi buƙata.

Zaman farko zai yi zafi, ba na ruɗin kowa. Da na gwada da matata, wata uku da aurenmu, na ajiye takardar albashina a gabanta, ta karanta ta sake karantawa, ta ce: "Wannan ne duka?" Na ce shi ne. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ta ɗauka ya ninka haka, ta kuma ɗauka sauran gidan Inna nake kaiwa. Ni ma a ranar na san adashenta, na san ita ke biyan mai ga-ruwa tun da muka tare. Mun yi gardama a kan abin da nake aika wa Kawu, mun yi gardama a kan bukukuwanta. Har yau muna yi. Amma yanzu a kan alƙaluma muke gardama, zargi ya fita daga ɗakin.

Baba kuwa, bayan Inna ta warke, ya mayar da dala ɗarin jika. Ba ta isa ba ita ma, amma duk ranar Lahadi in ya dawo kasuwa yakan zauna ya zazzage aljihu a gabanta su ƙirga tare. Ƙanwata ta ƙarshe ba ta taɓa ɗaukar tire ba, ta yi BEPC ɗinta.

Za mu ci gaba da tambayar masu mulki lissafin fetur da yuraniyom, ba gudu ba ja da baya. Amma yaron da ya tashi a gidan da tambayar kuɗi rashin kunya ce, gobe in ya zama magajin gari ko darakta, da wannan tarbiyyar zai riƙe asusun jama'a, kuma zai ga mai tambayarsa a matsayin maras kunya. Don haka kafin ƙarshen watan nan, kowa ya zauna da mutum ɗaya a gidansu, uwa ce, mata ce, uba ne, ya yi tambayar da Baba ya makara shekara goma sha uku bai yi ba: abin nan da nake bayarwa, yana isa kuwa?

Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a abin da muke samu, ya saka wa iyayenmu mata da alheri.